Gemun Karen Madam Bilkissou

"Wai duk faɗin Parakou babu wanda ya san abin da ke fitar da ja daga gemun kare?"

Rauda tana bayan labule tana ninke zannuwa ta ji wannan tambaya. Ba ita aka yi wa ba, ba kuma mijinta aka yi wa ba. Madam Bilkissou ce tsaye a ƙofar shagonsu na wanki da guga a unguwar Albarika, telefon a kunne, tana hira da wata ƙawarta, ga wani ɗan kare fari maƙale a hammatarta kamar jakar hannu. Amma Rauda ta san mijinta. Wata takwas da aurensu ya ishe ta gane cewa tambaya ba ta wucewa ta gaban Zulkifli ta tafi lafiya. Ta ji ya ajiye dutsen guga. Ta runtse ido.

"Madam," in ji shi, "kina tsaye a gaban maganin."

Kada a ci haƙƙinsa, Zulkifli ya iya guga. In ya karya wa wando kari, sai wandon ya yage karin yana nan. Bakinsa ne kawai ke riga hannunsa isa wuri. Shi da kansa ya sa aka rubuta masa Sarkin Tabo a allon shago, da jan fenti, kuma duk wanda ya kawo riga ɗaya sai ya sha labarin yadda ya fitar da baƙin mai daga kaftanin wani direban tirela har direban ya yi hawaye.

Madam ta kashe telefon ta ɗago masa karen. Sunansa Biju. Jikinsa fari tas kamar audugar da aka tsince yau, sai dai kewayen bakinsa da ɗan gemunsa sun yi ja-ja-ja kamar tsatsa.

"Likitan dabbobi ya ce yawu ne da hawaye," in ji ta. "Ya ba ni ruwan gogewa, na goge har hannuna ya gaji. Ga shi ranar Asabar bikin 'yata Kausar a Djougou. Ita ta raine shi, ta ce hoton bikinta sai da shi."

"Likitan dabbobi dabba ya sani, Madam, bai san tabo ba. Gashi ai zare ne. Farin zare kuwa, a jikin riga yake ko a jikin kare, duk hannuna ɗaya ne a kansa. Ki ba ni kwana uku."

Madam ta dube shi daga sama har ƙasa. Kowa a unguwar ya san ta gama ginin masaukin baƙi a unguwar Kpébié, ɗaki goma sha huɗu, kuma ba ta zaɓi mai wanke zannuwan gado ba tukuna. Masu wanki har daga bakin kasuwa suke zuwa gaishe ta.

"Yau Laraba, gobe da asuba zan wuce Djougou," in ji ta. "Ka kawo mini shi can ranar Asabar. In gemun nan ya yi fari, wankin masaukina naka ne. In ka ɓata shi, ko hankici ba za ka ƙara gani daga hannuna ba."

Rauda ta dakata da ninkin zannuwan. Ɗaki ɗaya suke haya, kuma da damina kayan mutane ne ke kwana a kan gadonsu, su su kwana a tabarma. Wankin masauki yana nufin ɗaki na biyu. Ta daɗe tana kallon ɗakin da ke kusa da nasu, wanda babu kowa a ciki, har ta san inda za ta jera kwanukanta.

Da la'asar Zulkifli ya shiga gida, hannuwansa biyu cikin baƙar leda har gwiwar hannu, an ɗaure da roba, yana riƙe da Biju nesa da ƙirjinsa kamar tukunyar da ke tafasa. Mai gidan hayar, Malam Muttaƙa, yana kan buzunsa yana duba littafi. Ya sauke tabarau.

"Zulkifli, me nake gani?"

"Aiki ne, Allah gafarta Malam."

"Aikin naka yana kaɗa wutsiya."

"Kwana uku ne kawai."

Malam ya rufe littafin. "Halittar Allah ce, kada ka cuce ta. Amma nesa da rijiya, nesa da butocin alwala, nesa da buzuna."

Inna Habiba mai ƙosai, wadda ɗakinta ke kallon nasu, ta jawo kujerarta ta tsakar gida ta zauna sosai.

"Shekara talatin ina gidan nan," in ji ta. "An kawo akuya, an kawo zabi, wani baƙo ya taɓa sauka da biri. Kare dai ba a taɓa kawowa wanki ba. Har da guga za a yi masa?"

"Inna, ki zuba ido kawai."

"Na zuba, ɗana. Ba ni da aikin da ya fi wannan."

Ya fara da abin da yake farawa da shi a kan tsatsa: lemon tsami da gishiri, sannan sabulun solo. Ya tsuguna ya matse lemon a gemun. Biju ya lasa, ya yamutsa fuska, ya yi atishawa. Zulkifli ya ƙara kumfa. To leda da kumfa ba sa riƙe komai. Karen ya sulɓe ta tsakanin hannuwansa kamar tarwaɗa, ya zagaye tsakar gida sau uku, Malam ya ɗage ƙafafunsa da buzun gaba ɗaya, sannan ya fita ƙofar gida ya sami kwatamin da ruwan jiya ya bari a jar ƙasa, ya kwanta ya yi birgima son ransa.

Da ya dawo, daga hanci har wutsiya launinsa ɗaya da gemun.

"An samu ci gaba," in ji Inna Habiba. "Yanzu ba a gane inda tabon yake."

"Haka tabo mai taurin kai yake yi, Inna. Sai ya bazu kafin ya fita."

Rauda ta miƙe. Ta ɓallo kan busasshen kifi daga kwandonta, ta tsuguna, karen ya zo da kansa. Ta ɗumama ruwa ta wanke masa jiki a tsohon bahon da ba a amfani da shi, sannan ta wanke hannunta tas. Jiki ya koma fari. Gemu yana nan yadda Madam ta bar shi.

Ranar Alhamis da safe Zulkifli ya tashi da sabuwar shawara.

"Rauda, ina jabel?"

"Ban gan shi a wurinsa ba, Maigida."

Gaskiya ta faɗa, don tun da asuba ta cusa kwalbar cikin buhun masara. Ta san yadda jabel, ruwan nan mai kaifi na fitar da tabo, ke cinye mata fatar yatsu in ta jiƙa fararen kaya. Ya ce to bari ya aika a sayo. Malam Muttaƙa ya yi gyaran murya daga ƙofarsa.

"Abin da ke huda riga za ka sa a bakin mai rai? Ba a gidana ba."

"Ai dama gwada ku nake yi, Malam. Jabel aikin 'yan koyo ne. Gwani bula yake sawa."

Bula kuwa kowane mai wanki ya san ta. In farar riga ta fara komawa ruwan ɗorawa, sai a jefa ɗan ƙanƙanin shuɗi a babban baho, a tsoma rigar a ɗago, ta fito tana ƙyalli. Ɗan ƙanƙani, a babban baho. Zulkifli ya ɗauko ƙulli uku ya narkar a kofin shayi.

"Maigida," in ji Rauda a hankali, "ba ta yi yawa ba?"

"Riga ce ake yi wa kaɗan. Wannan tabon shekararsa huɗu. Riƙe mini kansa."

Ta riƙe. Ya tsoma gemun a kofin ya ƙirga har hamsin da ƙarfi, don 'yan kallo su ji. Da ya ɗago, farin gashin da ke gefe ya zama shuɗi kamar an fito da shi daga marina, jan kuwa ya koma launin ɓawon albasa. Biju ya zaro harshe. Shi ma shuɗi.

"Zai washe in ya bushe," in ji Zulkifli.

Aka sa shi a rana. Ya bushe. Bai washe ba, sai ma ya ƙara fitowa.

Kafin azahar labari ya kai bakin titi. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron abin da ba sa bukata, wannan ludayi, waccan ashana, kowace ta ɗan daɗe. Illiyasu ɗan zemijan, mai haya da babur a ƙofar gidan, ya jingine babur ɗinsa ya shigo yana ɗaga telefon.

"Illiyasu, don girman Allah ajiye abin nan."

"Talla zan yi maka, Sarki. Akwai masu son shuɗin kare."

Ana cikin haka telefon ɗin Zulkifli ya yi ƙara. Madam ce daga Djougou. Tsakar gida ta yi tsit.

"Yaya Biju?"

"Madam, in kika gan shi yanzu ba za ki gane shi ba."

"Allah ya yi maka albarka."

Ya kashe. Inna Habiba ta gyaɗa kai. "Yaron nan dai ba ya ƙarya."

Da yamma ya wanke gemun sau bakwai. Shuɗin ya ɗan ragu, launin albasar ya zauna daram. Rauda tana zuba masa abinci ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da an sa almakashi an ɗan rage gashin, wataƙila..."

"A aske? Ni wanzami ne? Madam farin gemu ta ce, ba ta ce a kawo kare babu gemu ba. Gobe za ki ga ilimi."

Ilimin ranar Juma'a sitaci ne. Ya dama garin rogo ya dafa shi da kauri, irin wanda yake sa wa wuyan rigar jandarma, ya daka alli ya zuba a ciki. Ya shafe gemun, ya taje shi da tsohon mataji, ya sa Rauda ta riƙe karen yana yi masa fifita har ya bushe. Abin mamaki, ya yi fari. Sai dai ya miƙe gaba ƙiƙam kamar bakin tsintsiya, har in Biju ya juya kai gemun ne ke fara isa.

Zulkifli ya zagaya da shi tsakar gida.

"Inna, me kika gani?"

"Na ga fari. Amma kada ka bar shi kusa da yara, zai tsone wa wani ido."

Ya ɗaure karen a gindin mangwaro, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ya tafi masallacin Juma'a. Rauda ta ji daga baya cewa tun daga bakin masallaci har gida bai bar wanda bai gaya wa ba, har ya ce yana tunanin ƙara rubutu a allon shago.

Abin da bai lissafa ba shi ne sitaci rogo ne, rogo kuwa abinci ne. Rauda tana ɗaki tana sallah, Biju ya fara lasar gemunsa ya ji daɗi. Inda harshensa bai kai ba, akuyar Inna Habiba ta zo ta taya shi. Zulkifli ya dawo da mutum huɗu 'yan ganin ido, suka tarar da kare a kwance ya ƙoshi, gemu shuɗi jiƙe sharkaf, akuya a gefensa tana tuƙa da farin baki.

"Akuyata ta gode da kalaci," in ji Inna Habiba.

Mutum huɗun suka yi sallama a hankali suka fita. Sai da suka kai titi aka ji dariyarsu.

Zulkifli ya zauna a kan turmi, ya yi shirun da Rauda ba ta taɓa ji daga gare shi ba. Har ta fara tausayinsa. Shirun bai kai minti biyar ba.

"Hoto dai za a ɗauka, ko? Hoto ƙiftawar ido ne. Man kaɗanya, sannan farar hoda. Man ya riƙe hodar, hodar ta rufe shuɗin. A ƙofar gidan biki zan shafa. Kafin ya lashe an ɗauki hoto, Madam ta furta, magana ta ƙare."

"In ta gani daga baya fa?"

"Daga baya ai na riga na fitar da shi. Kwana uku ne suka yi kaɗan."

Asabar da sassafe suka shiga taksin Djougou, su tara a motar mutum biyar. Biju yana cikin kwali mai huji a tsakanin ƙafafun Zulkifli. Direba ya tambaya me ke ciki.

"Kayan guga ne."

Kusa da shi wata Bafulatana ce da ƙwaryar wagashi a ƙasa, cukun nan mai jan baya, an rufe da faifai. Sun yi nisa sosai kayan guga ba su yi motsi ba, Zulkifli kuwa yana ba wa mota labarin direban tirela. Rauda ce kaɗai ta ji ƙarar ɓarzar kwali. Ta taɓa gwiwarsa. Ya ce ta bari ya kai ƙarshe.

Dab da garin Onklou Bafulatanar ta sunkuya gyara faifai, hannunta ya sauka a kan gashi. Ta yi salati ta haye cinyar na kusa da ita. Direba ya taka birki. Aka leƙa. Biju ya fito da kai da ƙafa biyu ta gefen kwali, ya gama da wagashi guda ya kama na biyu.

"Wannan ne kayan gugar?" in ji direba.

"Ba kare ba ne irin wanda ka sani. Wannan ɗan gida ne, yana da likita."

"To likitansa ya zo ya ƙarasa da shi. Ku sauka."

Rauda ce ta ba Bafulatanar haƙuri har ta sauko, ta roƙi Zulkifli ya sayi wagashin da aka ɓata. Mota ta tafi ta bar su a bakin hanya. Sai babur suka samu, su uku da kare, Rauda a can baya ta naɗe Biju a tsohon zani a kan cinyarta, Zulkifli yana gaya wa mai babur ta inda ya kamata ya bi.

Sun isa Djougou rana ta take. A bayan wata motar baƙi Zulkifli ya tsuguna, ya lakato man kaɗanya ya mulke gemun, wanda yanzu ya ƙara da jan wagashi, ya juye gwangwanin hoda kaf a kai. Ya ja da baya ya duba.

"Rauda, ki faɗi gaskiya."

"Ya yi fari," in ji ta. Kamar an tsoma shi a garin alabo ne, amma fari ne.

Gidan biki ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ango da amarya sun dawo daga ofishin magajin gari, shi cikin baƙar kwat, ita cikin doguwar farar riga mai jan ƙasa. A kujerar gaba wani dattijo ne cikin babbar riga fara, Alhaji Issaka, mijin Madam, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan. Yana hango karen ya tattare rigarsa.

"Har nan aka biyo mu da wannan abin? Ku yi nesa da ni da shi. Shekara huɗu yana gidana, ko da sanda ban taɓa shi ba."

Madam ta taho da sauri, ta duba gemun daga nesa, fuskarta ta washe. Da Zulkifli ya miƙa karen ya koma gefe, wataƙila da an rabu lafiya. Amma ga mai sanarwa riƙe da lasifika kusa da shi. Ya karɓe.

"Jama'a, salamu alaikum. Sunana Zulkifli, Sarkin Tabo, Albarika, Parakou, bayan gidan mai. Wannan gemu da kuke gani, likita ya gwada ya kasa. Ni kwana uku na yi. Ba na yabon kaina, aiki ne ke magana. Duk mai tabo, a riga ne, a labule ne, a dabba ne..."

Ya yi magana har rana ta gama aikinta a kan man kaɗanya. Rauda tana ganin ɗigo yana taruwa a ƙarshen gemun. Ta ja gefen rigarsa. Bai ji ba.

Amarya ta miƙo hannu tana kiran sunan karen. Biju ya ji muryar da ya sani, ya fizge ya faɗa jikinta. Ya fara da atishawa. Hoda ta tashi ta sauka a kan baƙar kwat ɗin ango, ya koma kamar mai aikin injin niƙa. Sannan don murna Biju ya tura fuskarsa a ƙirjin amarya ya goga hagu, ya goga dama, ya sake gogawa. Da ta ɗaga shi, gaban farar rigar ya yi shuɗi, da launin albasa, da ja, duk suna ƙyallin mai. Gemun kuwa ga shi nan a fili kowa yana gani.

Makaɗa suka tsaya. Mai hoto kaɗai ne bai tsaya ba.

Zulkifli yana riƙe da lasifika har yanzu, don haka har masu girki a baya sun ji shi.

"Kada kowa ya tayar da hankali. Wannan ƙaramin tabo ne. A kawo mini lemon tsami da gishiri, amarya ta ɗan tsaya yadda take..."

"Ku riƙe shi," in ji Madam.

Abokan ango biyu suka riƙe shi, na uku ya karɓe lasifikar. Wata tsohuwa ce ta fara dariya, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Ƙawaye suka kewaye amarya suka shige da ita ciki tana kuka. Madam ta zo dab da Zulkifli, ba ta ɗaga murya ba.

"Ko tsumman goge ƙasa na masaukina ba za ka taɓa ba."

Rauda ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta sunkuya ta ɗauki Biju, tun da babu wanda ya kula da shi, ta zagaya bayan gida inda aka tara itace. Ta ɗaure shi a inuwa, ta tafi wurin masu girki neman ruwan ɗumi. Sun daɗe suna mata tambayoyi kafin su ba ta. Ɗakin nan na biyu take ta gani a ranta, an sa masa kwaɗo.

Da ta dawo da bokiti ta sha kwana, sai ta tsaya cak.

Alhaji Issaka ne tsugune a bayan itacen, ya naɗe hannun babbar rigarsa har kafaɗa. A gabansa kwanon sakwara ne da miyar manja. Yana ɗan gutsuro loma, ya dangwala a miya, ya ajiye a murfin kwano, Biju kuwa ya nutsa baki har gemu yana ci.

"Ci a hankali, mutumina," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Sun wahalar da kai. Kwana uku ba ka ga miyar kirki ba, ni ma ban ji daɗin cin abinci ba."

Biju ya ɗago. Manja yana ɗiga daga gemunsa, ja-ja-ja, launin nan dai da likita ya ce yawu ne da hawaye.

Bokitin ya yi ƙara a hannunta. Alhaji ya waiwayo. Suka dubi juna. Ya dubi kwanon, ya dubi karen, ya sake dubanta. Rauda ta durƙusa ta sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata." Ya yi gyaran murya. "Ke ce matar mai lasifika?"

"Ni ce, Baba."

"Kin daɗe a nan?"

"Yanzu na zo. Ruwa na kawo."

"To. Madalla." Ya miƙe da ƙyar, ya saki hannun rigarsa, ya tura kwanon ƙarƙashin itace da ƙafa. Ya yi taku biyu ya tsaya. "Rigar amaryar nan, za ta fita?"

"Za ta fita, Baba. Ruwan ɗumi da sabulu, tun mai bai kwana ba. Kada dai a sa mata komai."

"Kada a sa mata komai," ya maimaita, ya wuce.

Ta wanke wa Biju baki, ta kai shi ciki. Amarya ta riga ta canja zuwa shadda, makaɗa sun ci gaba. A falo ta tarar da Madam tsaye da rigar a hannu, Alhaji a zaune, Zulkifli a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Bilkissou," Alhaji yake cewa, "wanda ya ɗauki kare ya kai wa mai wanki, shi ya fara kuskure. Rigar nan ta jikina wa ya goge ta?"

Madam ta dubi rigar Alhaji. "Shi ne."

"Kin ga aibu a jikinta?"

"Alhaji, ya kunyata ni a gaban surukai."

"Ya kunyata kansa dai. Zannuwan gado ba su da gemu. Ki ba yarinyar nan rigar ta wanke. In ta fita, a gwada su wata guda. Da sharaɗi: bula da lasifika, duk a hannun matarsa."

Madam ta dubi mijinta da mamaki. "Yaushe ka fara shiga maganar da ta shafi Biju?"

"Ba maganar wannan abin nake ba. Maganar wanki nake."

Rauda ta karɓi rigar. Kafin la'asar tana shanye a igiya, fara tas.

A taksin komawa Parakou, tun ba su fita gari ba Zulkifli ya warware. Ya gaya wa fasinjoji cewa yanzu ya karɓi wankin masauki mai ɗaki goma sha huɗu, kuma babban mutum ne ya tsaya masa a gaban jama'a, don manya suna gane gwani ko da rana ta ɓaci. Sannan ya ciji leɓe, ya juyo gare ta.

"Amma tabon nan ya tsaya mini a rai. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ke da kika fi riƙe shi, me kike gani ke kawo shi?"

Rauda ta dubi bishiyoyin kaɗanya suna wucewa ta taga. In ta faɗa masa yanzu, kafin Onklou direba ya ji, gobe Inna Habiba, jibi duk Albarika, ranar Talata Kpébié. Madam za ta ƙwace kwanon, Alhaji ya rasa abokin cin abinci, su kuma su koma tabarma.

"Allah ne masani, Maigida," in ji ta.

"Ruwan rijiyarsu ne," in ji shi. "Na gane tun ranar farko."

Ta gyara mayafinta ta rufe baki, don kada ya ga abin da fuskarta ke yi. Ta riga ta yanke: ba shi ba, ba Inna Habiba ba, ko mahaifiyarta ba za ta ji ba.